Kundin rubutun kiɗan Kalifoniya: kuɗina bai fita ba

Masu buga fiyano da jita da ke bin tsofaffin kiɗan Amurka sun san shagon nan na intanet mai sayar da kundin rubutattun kiɗa, kuma sun san yadda suke cika baki: wai duk abin da aka buga a sitidiyo a shekarun 1960 an zauna an rubuta shi layi-layi, kowane kayan kiɗa da nasa. Wannan maganar ce ta sa na biya da dala a wannan tsadar. Jama'a, ku bi a hankali.

Ni fa saboda waƙa ɗaya na saya, "God Only Knows" ta Beach Boys, wadda ke cikin faifan Pet Sounds na 1966. Duk wanda ya taɓa kasa mata kunne ya san sirrinta yana ƙasa, wurin bes, wato layin sauti mai kauri. Brian Wilson, jagoran Beach Boys, ya hana bes ɗin zama a gindin sauti: hannu na kan E, shi kuwa yana can kan B, shi ya sa waƙar take ta lilo, ba ka san inda za ta sauka ba. To mutumin da ya rubuta kundin nan sai ya daidaita komai. E a sama, E a ƙasa. Na buga layi huɗun farko, wallahi sai da na ɗaga hannu daga fiyanon, don abin ya zama kamar miya ba daddawa, ga kala ga komai amma babu ita. Ƙahon nan da ke buɗe waƙar ma an cusa shi cikin hannun dama, ba a ko nuna cewa ƙaho ba ne. Wilson kan haɗa bes na lantarki da babban bes na katako a ɗauka ɗaya, makaɗa irin su Carol Kaye da Lyle Ritz na zaune a sitidiyoyin Los Anjeles, amma a kundin layi ɗaya tal aka ba su.

Kada in zalunce shi, ɓangaren kiɗan masu hawan igiyar teku ya yi ƙoƙari. "Misirlou" ta Dick Dale ta 1962 ta fito tsaf. Ya nuna yadda ake karkaɗa tsirkiya ɗaya da sauri ba tsayawa, ya kuma kama sautin nan mai kama da na Larabawa, wanda ba abin mamaki ba ne tunda asalin karin daga gabashin Bahar Rum yake, kuma dangin mahaifin Dale 'yan Labanon ne. Kunnen Bahaushe ba ya baƙunta a nan ko kaɗan. Har bayanin amon nan mai kamar ɗigar ruwa ya yi, cewa daga akwatin Fender mai sifirin a ciki yake fitowa. A "Pipeline" ta Chantays kuma bai manta da fiyanon lantarki da ke ɓoye bayan jita ba, abin da mutane da yawa ke tsallakewa. A nan kam na ce to, ko dai in yafe.

Sai na buɗe "Good Vibrations" ta Beach Boys. Babu celo, babban gogen nan na Turawa! Wannan gurzar uku-uku da ke tura amshin gaba, wadda ko yaro zai ji ta, babu ita ko a gefen shafi. Na rubuta musu, aka daɗe kafin a ba ni amsa, wai sun sauƙaƙa ne saboda masu koyo. To me ya hana a faɗa a talla? Batun mayar da kuɗi kuwa ko kallonsa ba su yi ba.

Mai jita da ke son Dick Dale kawai zai iya saye. Mai neman Pet Sounds ya nemi The Pet Sounds Sessions na 1997, inda aka ware kiɗa ba murya, ya rage gudun sautin a kwamfuta, ya ɗauki fensir. Abin da nake yi ke nan yanzu, a bayan takardun da na kashe kuɗi na buga.