Hilux ko Land Cruiser 79 wajen jan babbar tirelar kwana?

Alhaji, ɗauki Land Cruiser 79 ɗin. Tirela mai gado da kicin, wadda ka ce kilo 2,600 ce babu komai a cikinta, kuma kana son kai ta Rumsiki da dajin Binuwai a arewacin Kamaru, ba aikin da zan so a riƙa ɗora wa Hilux ba ne, ko da mai injin lita 2.8 ɗin da aka nuna maka ce.

Na san abin da ya ja ka. An ce maka Hilux tana jan kilo 3,500. A ƙasashe da yawa haka aka rubuta wa masu 2.8, matuƙar tirelar tana da birkin kanta. In babu birki, 750 ne iyaka. Sai dai 3,500 ɗin nan ba shi ne duka labarin ba. Ka nemi ɗan farantin da kamfani ya manna a jikin ƙofa ko cikin gidan inji. Lamba ta farko ita ce PTAC, iyakar nauyin motar da mutanenta da kayanta. Ta biyu PTRA, iyakar mota da tirela a haɗe. A wasu Hilux ɗin za ka ga PTRA 5,850. Cire 3,500, saura 2,350, alhali motar kanta ba kowa a ciki tana kai 2,100. Abin da ya rage kilo 250 ne: kai, direbanka, da buhu biyu na shinkafa.

Za ka ce taka ba ta kai haka ba. To mu ƙirga. Tankin ruwa mai lita 200, kilo 200 ke nan. Ƙara janareto, tukunyar gas, firji, katifu da abincin mako, ta taɓa 3,000 ba ka ankara ba. Wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyin kan ƙugiyar bayan mota yake sauka, a ce 300, kuma daga cikin kayan da aka yarda motar ta ɗauka ake cire shi, wanda a mai ƙofa huɗu da ƙyar yake kai tan guda. Maza biyar, 375. Jarka huɗu na gazuwal, wato man dizal, kusan 80. Taya ta biyu ta ko-ta-kwana, ƙarfen gaba, akwatin kayan gyara, jakunkunan kowa. Shi ke nan kun cika, ba a ma sa katan ɗin ruwan sha ba. Wurin ɗaukar kaya ne ke fara ƙarewa, tun kafin a zo maganar ƙarfin ja.

Ni a jikina na koyi wannan lissafin. Na taɓa sayen wata tsohuwar a-kori-kura mai injin 2.5 saboda dillali ya rantse mini cewa tan uku da rabi wasan yara ne a wurinta. Ban duba faranti ba. Ranar da muka fara ɗaura tirela, bayan motar ya durƙusa, fitilu suka koma haska rassan darbejiya, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna kamar tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa. Kafin mu kai Mokolo warin kulos ya cika motar. Ba laifin motar ba ne, aikin da ba nata ba na ba ta, kuma asara na sayar.

Ita kuwa 79 ɗina, mai tsohon injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, babu turbo, ba ta da gudu ko kaɗan. Ƙarfin dokinta wajen 130 ne kacal. Amma ba na manta wata saukowa da muka yi daga Ngaundere zuwa Garwa a watan Afrilu, tirela cike, rana ta take. Duk wanda ya san gangaren dutsen nan kafin Mbe ya san yadda warin birkin manyan motoci ke tashi a wurin. Na sa ta a giya ta biyu tun daga sama, na ɗauke ƙafa, injin ya riƙe mu yana gurnani har ƙasa. Birki sai dai in ɗan taɓa a kwana. Allurar zafi ba ta motsa daga inda take ba, tirelar ba ta yi mana ko rawa ɗaya ba. Baffana da ke kujerar gefe yana jan carbi tun daga sama, kafin mu sauka barci ya kwashe shi. A ƙasa na tsaya na dafa tayoyi, ɗumi kawai. Gadar motar ta gaba da ta baya, wato aksil ɗin da ke riƙe tayoyi, duk sandararru ne, sifirin bayanta na ɗaukar kaya ne, kuma daga Marwa har Kuseri da wuya ka sami bakaniken da bai san cikin 1HZ ba. Gazuwal ɗin gefen hanya ma ta fi injinan zamani haƙuri da shi.

Hilux, a ba ta haƙƙinta: ta fi ƙarfin doki, ta fi daɗin zama, ta fi ƙarancin shan mai, kuma a kan kwalta za ta wuce ni kamar ina tsaye. Da tirelar ba ta wuce tan ɗaya da rabi ba, da ban ce komai ba.

Ita ma Land Cruiser ɗin kar ka saya da ido rufe. Abin da aka yarda ta ja ya danganta da ƙasar da aka ƙera ta domin ta, don haka farantinta za ka karanta, ba sunanta ba. In ka dace da mai injin V8, silinda takwas, lita 4.5, ta fi tawa ja nesa ba kusa ba, amma ita sai mai mai tsabta daga gidan mai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai mai ƙara ganyen sifirin biyu a baya ya ce maka yanzu tana ɗaukar tan biyu. Sifirin yana ɗaga mota ne kawai, ba ya ƙara wa birki ko gada ko taya komai. Akwai ƙugiyar da mai walda ya haɗa a bakin hanya aka shafe da baƙin fenti. Ta gaskiya tana da ɗan farantinta mai nuna nauyin ja da nauyin da zai sauka a kanta. Wasu 79 ɗin kuma sun gama wahala a wuraren haƙar zinariya, an yi musu sabon fenti an mayar da kilomita baya. Shiga ƙarƙashi da tocila, duba shasi daga gadar baya zuwa ƙugiya ko akwai walda, ka gwada lambar shasi da ta kart giris, wato takardar rajistar mota. Tirelar ma ka sa a gwada birkinta a gabanka, don ana yawan tsinke shi in ya fara ba da wahala. Ka kuma tambayi maganar lasin E, na masu jan tirela, tunda ta wuce kilo 750, kar jandarma su riga ka tambaya.

Kafin ka biya, loda tirelar yadda za ka yi tafiya da ita, har da ruwa, ka kai ta sikelin manyan motoci a auna. Manyan kaya su zauna kan aksil ko ɗan gaba da shi, kar a tara su a baya, don nan ne take fara kaɗa wutsiya. Ka ɗauko hoton farantin motar da takardar awon ka sa mana a nan, mu yi lissafin tare.