Faifan DVD na Columbo da gardamar matarsa

Cikakken ƙunshin Columbo, shirin talabijin na Amurka kan wani ɗan sanda mai binciken kisa mai wannan suna, kashi 69 daga 1968 zuwa 2003, ya ci kuɗinsa, musamman ga masu gardamar ko jami'in nan yana da mata da gaske. Ba a taɓa nuna fuskarta ba, shi ya sa wasu ke cewa ƙirƙirarta yake yi don wanda ake zargi ya saki jiki har ya yi suɓul da baka. To, a kunna kashin "Troubled Waters" na 1975: ma'aikatan jirgin ruwan da bakinsu suka ce sun gan ta. Hoton tsofaffin kashin yana da ɗan dishi-dishi, amma magana tana fita tar.

A duba lambar yanki, wato lambar da ke nuna na'urorin wane yankin duniya faifan zai yi aiki a ciki, kafin saye. Faifan Amurka na yanki 1 ne, na'urar yanki 2 ko 5 ba za ta karɓe shi ba sai in an buɗe ta.