Robar tare tsakuwa: ta Magazine ko ta Amurka?

Alhaji, barka da hanya. Ka ce tun da ka fara jan ƙaramar tirela da Hilux ɗinka, kana kai janareta da rumfunan biki daga Aboabo zuwa Ejura da ƙauyukan bayanta, gaban tirelar ya zama kamar fuskar mai zanzana, wayar fitila kuma ta tsinke har sau biyu. Kana tambaya ko ka yi odar robar tare tsakuwa ta Amurka irin wadda ka gani a intanet, mai ɗaurawa a ƙarfen ja, ko kuwa ka shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, a yanka maka roba. Ta Magazine ce a motata, wata mota kuma da nake yawan tuƙawa tana da ta Amurka, don haka bari in jera maka su.

Da farko ka cire 'yar ƙaramar nan ta filastik da ke bayan taya, wadda ta zo da motar, daga lissafi. An yi ta ne don ta kare jikin motar kanta, gajera ce, tsakuwa na wucewa ta ƙarƙashinta abinta. Tana da tauri kuma, ranar da ta daki dutse tsagewa take yi.

Abin da ke cin tirelarka ba laka ba ce. Laka ruwa ke wanke ta. Tsakuwa ce da haƙoran tayar baya ke ɗauka su cilla sama, tirela kuma ta zo ta same ta. In kana kilomita 80 a awa, kana cin wajen mita 22 ne kowace daƙiƙa, ka ga ai jifa ce ta gaske. Fenti ya fashe, damina ta shigo a watan Afrilu, tsatsa ta kama. In kuwa tayoyinka masu manyan haƙora ne na shiga daji, sun fi na kwalta kwasar dutse nesa ba kusa ba.

Ta Amurka, irin su Rock Tamers, sanda ce ta ƙarfe mai hannu biyu da ake zura ta a wuyan ƙarfen ja, roba biyu masu faɗi na rataye a bayan bamba. Kyawunta a fili yake: ba a huda mota, ana matsar da hannuwan ciki ko waje su yi daidai da taya, in ka sauke tirela ka zare ta ka jefa a bayan mota. Amma an ƙera ta ne don motar da ke da ramin ja mai kusurwa huɗu, galibi inci 2, irin wanda ke zuwa a manyan motoci irin su Tundra da F-150 da ake shigowa da su ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Yawancin Hilux da Navara da nake gani a nan, ƙwallon ja ɗaure yake da noti a jikin ƙarfe, wasu ma walda aka yi masa, babu wuyan da za a zura komai. Ka leƙa ƙarƙashin taka kafin ka tura wa kowa sidi ɗaya. In ba irin wancan ramin gare ka ba, sai ka canja ƙarfen jan gaba ɗaya, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, in hannu ɗaya ya karye kuma ba lallai ka samu madadinsa ko a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ba.

Af, tunda maganar ƙwallo ta zo: na Amurka mai inci 2 milimita 50.8 ne, wanda Turai ke amfani da shi kuwa milimita 50 cif. Ido ba ya raba su, amma bakin tirelar da aka yi don ɗaya ba ya zama daram a kan ɗayan. Ka duba lambar da aka buga a kansu.

Ta Magazine kuwa tsohon bel ne, irin wanda injin ke jan dutse a kansa a wuraren fasa dutse da haƙar ma'adinai. Roba ce mai zare a ciki, ba ta yagewa da sauƙi, tana da nauyin da iska ba ta ɗaga ta kamar tuta. Wannan nauyin shi ne rabin aikin, domin roba marar nauyi da zarar ka taka mota sai ta tashi ta kwanta a iska, tsakuwa ta bi ta ƙasa. Mai walda zai yi maka ƙarfe mai kusurwa ya ɗaure a shasi ko a ƙarfen ja, a rataye robar da bol da noti. Ka ce masa da noti, kada ya yi walda a jikin shasi. Araha ce, in ta lalace a Atebubu ma za ka samu mai gyara. Aibinta shi ne kyanta ya dogara ga hannun wanda ya auna, ba ta cirewa cikin minti biyu, kuma ba ta da ado.

A wajen awo na sha tawa wahalar. Ta farko da aka yi mini, mota ba kaya muka auna, na ce a sake ta har kusa da ƙasa, a ganina haka ya fi karewa. Da na ɗaura tirela da lodi bayan mota ya zauna, roba ta riƙa sharar hanya, ita da kanta ta koma mai watsa wa tirelar tsakuwa. Kafin mako ya fita na yi ribas a bakin kwata, taya ta take ta, ta fizge ta da ƙarfenta duka. Saboda haka ka je wurin awon da tirela a ɗaure, janareta a ciki, kamar ranar tafiya. A bar kamar santimita 10 tsakanin bakin robar da ƙasa, in ƙauyukan da kake shiga masu kwazazzabo ne a ƙara kaɗan. Wannan ƙa'idar ta hau kan ta Amurkan ma, ita ma yanka ta ake yi.

Faɗi kuma ya ɗara na taya. In a gefen tayarka an rubuta 265, faɗinta santimita 26 da rabi ke nan, to robar kada ta gaza 32, ta leƙo ta kowane ɓangare. Sai salansa. Duba inda bakinsa ke hura hayaƙi, in yana fuskantar robar zai gasa ta ta lanƙwashe, musamman a hawan Mampong da lodi. Ko a karkatar da bakin, ko a liƙa farantin ƙarfe a wurin.

Wasu na sa roba guda doguwa daga wannan gefe zuwa wancan. Tana tare dutse sosai, amma a jar ƙasa lokacin hunturu ƙura take tayarwa ta tura wa janaretanka, ni ban so ta ba.

Da Tundra gare ka mai ramin ja, kuma sau ɗaya a wata kake ja, da na ce ka sayi ta Amurka ka huta. Ga Hilux da ke kan hanyar Ejura kowane mako, Alhaji, je ka Magazine. Canjin da ya rage ka sa a rufe gaban tirelar da farantin alminiyom, wayar fitilar kuma a zura ta cikin tiyo a bi da ita ta cikin ƙarfen, ba ta ƙarƙashinsa ba.