Na nemi limami a asibitin yara, aka turo mini 'yar addinin Buddha

Masu kwantar da yara a asibitocin Amurka, ku sani idan kuka nemi mai addu'a cikin dare, wanda ke bakin aiki shi za a turo, ko wane addini yake bi. Ba a cajin komai, wannan kam na yaba.

Sikila ce ta tasar wa 'yata, ƙasusuwa na sara, an sa mata maganin kashe zafi ta jijiya amma bai kama jiki ba tukuna. Na ce wa nas ina son limami. Sai ga wata dattijuwa da askakken kai. Da ta faɗi addininta, gabana ya faɗi, na gyara mayafi na ce mun gode, mu Musulmi ne. Ta ce ta sani, ba wa'azi ya kawo ta ba, in na yarda ta ɗan zauna.

Wallahi matar nan ta iya zama da mai ciwo. Ta ɗora 'yar tsana a cikin yarinyar, ta ce ta riƙa kallon yadda take hawa da sauka in tana numfashi. Sai ta juyo gare ni: "Mama, me kuke faɗa idan abu ya yi tsanani?" Na ce Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ta ce to ta ja iska a hankali, ta sake ta da wannan. Ita ba ta furta ba, mu muka yi ta yi. Ihun ya koma nishi. Ciwon dai magani ne ya kwantar da shi, kada wani ya ruɗe ku, amma firgicin ita ta sauke mana.

Maigida bai saki jiki ba, sai da ya bincika. Ashe masu addu'ar asibiti irinta horo suke yi a asibiti, sa'o'i 400 kowane zango, zango huɗu kafin cikakkiyar shaida. Atisayen numfashin kuma wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da shi harkar lafiya a jihar Massachusetts a 1979, ya tsamo shi daga zaman tunani na 'yan Buddha. To a nan raina ya sosu: takardun da 'yan asibitin suka raba mana ko kalma ɗaya ba su faɗi asalin abin ba. Ita ta faɗi addininta da bakinta, su me ya hana su?

Kuma limamin fa? Ashe ɗan sa-kai ne, ba ma'aikaci ba, sai da muna haɗa kayan sallama ya iso. Ɗakin ibada ɗaya ne na kowa da kowa, ana taka shimfiɗa da takalmi, alwala sai a bayi. Matar na ba ta tauraro biyar, sashen masu addu'a na asibitin kuwa biyu ma alfarma ce. Ku tafi da dardumarku, ku kuma ba da lambar limamin masallacinku tun a teburin karɓar marasa lafiya.