Adireshin aro ya fi karkata rubutun imel

Alhaji, in kana son kare akwatinka daga saƙonnin 'yan damfara, tsakanin ka rubuta adireshin imel ɗinka a karkace (ba tare da alamar @ ba) cikin tallar da za ka saka a intanet, da ka sa adireshin aro wanda zai riƙa tura maka saƙo zuwa akwatinka na asali, na biyun za ka ɗauka.

Ni na kamfanin DuckDuckGo nake amfani da shi, wanda aka buɗe wa kowa a 2022, kuma kyauta ne. Yana ba ka adireshi mai ƙarewa da @duck.com, kana iya ƙirƙirar sabo ga kowace talla, yana kuma cire na'urorin bin diddigin da ake ɓoyewa cikin saƙo kafin ya iso gare ka. Akwai wanda na saka a tallar aikina na fitar da kaya daga tashar Apapa, ba a daɗe ba saƙonni suka fara shigowa wai an toshe BVN ɗina, in latsa wani wuri in gyara. Ina zaune cikin mota a cunkoson Oshodi na kashe adireshin ta waya, saƙonnin suka ɗauke cak, alhali adireshina na asali da iyalina da banki suka sani ko ƙura bai sha ba. Firefox Relay ma yana wannan aikin, sai dai na kyautarsa yana da iyaka, kuma mayar da amsa ta cikinsa sai an biya.

Karkata rubutu kuwa, wato cire alamar @ a rubuta ta da haruffa, ya fi babu, iyakarsa ke nan. Manhajojin da ke bin shafuka suna tsince adireshi sun daɗe da gane dabarar, mai son sayen kayanka ne kawai zai sha wahalar haɗa shi. Abin da ya fi muni shi ne, adireshinka na gaskiya ne a fili, kuma rumbuna irin Internet Archive, da ke aiki tun 1996, suna iya adana shafin ko bayan ka goge tallar.

Sai ka yi hattara da masu cewa a biya su su share adireshi daga intanet, domin wanda aka riga aka kwashe aka sayar babu mai iya dawo da shi. Duk wanda ya nemi kalmar sirrinka ko lambar da Google ya turo maka ta waya, akwatin yake son ƙwacewa. Ka buɗe na aron da hannunka kafin ka saka tallar.