Mapul ɗin Norway ko Autumn Blaze a ƙofar gida?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Tsakanin bishiyoyin mapul biyun nan, ta Norway da Autumn Blaze, da ka ce an nuna maka don ƙofar gida a nan Toronto, ɗauki Autumn Blaze kawai, kar ma ka tsaya dogon tunani. Duka biyun ina da su, ɗaya a bayan gida ɗaya a gaba.

Ta Norway ɗin ba ni na dasa ba, da ita na tarar da gidan. Zan ba ta haƙƙinta, ba ta mutuwa. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, hayaƙin motoci, ƙasar da aka daddanne ta yi tauri, duk ba ruwanta. Tun 1756 aka kawo ta Amurka daga Turai, amma a shekarun 1950 da 1960 aka yi ta dasa ta ba ƙaƙƙautawa bayan wata cuta ta karkashe bishiyoyin elm na gefen tituna, ana neman mai taurin rai da za ta maye gurbi. Darbejiyar ƙasar nan ke nan, baƙuwa ce amma ko'ina ka juya ita ce. Toh yabo ya ƙare a nan. Ciyawa ba ta fitowa a ƙarƙashinta ko ka zuba iri buhu guda, inuwar ta yi duhu da yawa kuma saiwoyin a sama-sama suke suna shanye ruwa, injin yanke ciyawa ma sai ya yi ta karo da su. 'Ya'yan nan masu fukafukai kuwa duk inda suka faɗa sai sun tsiro, har cikin indararon rufi na tsinci tsiro. Ganyenta ga baƙaƙen tabo ƙarshen bazara, kuma sai kowa ya gama shara ya ajiye manjagara sannan ita ta fara zubar da nata a Nuwamba, hannu na daskarewa kana kwasa. In ka ce ka gaji za ka sare, a Toronto duk bishiyar da kaurin gangar jikinta ya kai santimita 30 sai da izinin hukumar birni ko da a cikin filinka take, ga kuɗin masu sara. Shi ya sa tawa take nan har yau muna kallon juna.

Autumn Blaze ɗin kuwa ni da yarana muka dasa ta, lokacin kaurinta bai kai wuyan hannuna ba, ƙaramarsu ce ke jan tiyo tana ba ta ruwa duk yamma, har faɗa take yi in wani ya riga ta. Yanzu ta wuce tagar bene. Shekarar da Hajiyarmu ta zo mana daga Zariya ta iske kaka, da safe ta ɗaga labule ta ga bishiya ta koma ja jawur tun daga sama har ƙasa, sai ta kira ni wai maza in zo bishiyar nan ta kamu da ciwo. Da na yi mata bayani ta yi ta tasbihi, daga ranar kujerarta ta koma bakin tagar, can take lazimi, kuma sai da ta sa aka ɗauke ta hoto a gindinta da rigar sanyi har biyu aka tura wa 'yan gida. Maƙwabta ma in Oktoba ta yi sai ka ga an tsaya ana ɗaukar hoto.

Ita Autumn Blaze haɗin aure ce tsakanin jan mapul da mapul mai farin bayan ganye, duka biyun 'yan asalin nahiyar nan ne. Ta ɗauko launi a wajen ɗaya, saurin girma a wajen ɗayan. Kuma ƙasar yankinmu tana da farar ƙasa a ciki, jan mapul zalla yakan yi ɗorawa-ɗorawa tun tsakiyar bazara ya ƙi ci gaba, ita kuwa ta fi shi haƙuri da hakan. Aibinta ɗaya da na sani, rassanta suna fitowa a matse jikin ganga, in aka bar su haka ranar da ruwan ƙanƙara ya yi musu nauyi sai reshe ya tsage. Maganinsa aski tun tana ƙarama, ka bar mata kai guda ɗaya ya miƙe, ka rage masu gasa da shi. A tsakiyar bazara za ka yi, in ka yanka ƙarshen hunturu ruwa zai yi ta zuba daga wurin. Sannan kar ka manna ta da bango, tana kai mita 15, ba ta aƙalla mita 6 daga gini.

Wani zai ce maka ka sa mapul ɗin sukari, wanda ake tafasa ruwansa lita 40 a samu lita 1 ta zumar mapul. Kyakkyawa ce amma ba ta shiri da gishirin titi ko kaɗan, ta bayan gida ce.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai wata mai ganye ja mai duhu tun daga bazara, sunanta Crimson King, sai mai shago ya nuna maka ya ce ga jan mapul, alhali Norway ce aka sauya wa riga. Jan mapul na gaskiya da Autumn Blaze kore ne ganyensu duk bazara, sai kaka suke juyawa. Jihohin Massachusetts da New Hampshire a Amurka sun hana sayar da Norway gaba ɗaya saboda yadda take mamaye daji ta kashe na gida, a nan Ontario kuwa har yanzu tana kasuwa, don haka kai ne za ka kare kanka. Duba takardar da ke rataye a jiki, in ka ga Acer platanoides ajiye, sunan Norway ke nan a kimiyyance, Acer x freemanii kake nema. In babu takarda tsinki ganye ɗaya ka karya sandarsa ka matsa, in ka ga farin ruwa kamar madara ya fito Norway ce ko mai shago ya rantse. Masu zuwa da a-kori-kura suna ƙwanƙwasa ƙofa wai ragowar kwangila ce za su bar maka da araha, waɗannan ko gaisuwa kar ta yi tsawo, ba rasit ba garanti, gobe lambarsu a kashe. A shago ma ka sa a zaro maka ita daga tukunya ka gani, in saiwa ta nannaɗe tana zagaye kar ka karɓa, nan gaba ita za ta shaƙe gangar.

Kafin ka kashe ko sisi kira 311, lambar hukumar birni, tukun, sau da yawa gefen ƙofar gida da ke kusa da titi filin hukumar birni ne ba naka ba, kuma in nasu ne su suke dasawa kyauta, sai ka gaya musu irin da kake so. In kuma cikin filinka ne, ka tuntuɓi Ontario One Call kafin ka sa shebur su sa a zo a yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi, shi ma kyauta ne.