Filamban da ya tsayar mana da yoyon bango a Gyallesu

Bangon ɗakin Hajiyarmu ne ya fara jiƙewa, fenti na kumbura yana ɓarewa, alhali ana tsakiyar rani. Na kira yaron da ke canza mana kan famfo. Tsakani da Allah, a canjin kan famfo ba shi da laifi. Amma yana zuwa ya hau fasa tayil bai san ta inda bututu ya bi ba. Ya fasa goma sha ɗaya, ya lafta gam a wata mahaɗa, ya ce an gama. Kwana huɗu bango ya koma gidan jiya.

Maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani dattijo da ke zama wajen masu sayar da kayan famfo a Sabon Gari. Shi aikinsa jan bututu a cikin gini. Ko guduma bai ɗauko ba da ya zo. Ya ce, "Alhaji, a cika tanki, a rufe duk famfunan gidan." Ya ja layi da alli daidai inda ruwan ya tsaya, ya tafi sallar Azahar. Kafin ya dawo ruwa ya sauka kusan taƙi guda. Sai ya bi layukan bututun yana rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya gano na hitar ɗumama ruwa ne ke yoyo.

Ashe wanda ya yi aikin tun farko bututun roba na ruwan sanyi ya sa wa ruwan zafi, zafin ya yi ta cin mahaɗar har ta saki. Dattijon ya canza shi da koren nan da ake kira PPR, wanda ake narka bakinsa da na'ura a haɗe, babu gam. Tayil uku kacal ya cire. Kuma bai yarda an shafe wurin da siminti ba sai da ruwa ya kwana a layin, ya ga ko ɗigo babu.

Kuɗin aikinsa ya ninka na yaron, ba ya kuma son ciniki. Sai dai ya rubuta mini kayan a takarda, inci nawa, guda nawa, na je na saya da kaina, wanda ya ragu ya miƙo mini.

Inda zan yi ƙorafi, ba ya cika alƙawarin lokaci. Ya ce ƙarfe tara, sai sha ɗaya da rabi, waya kuma sai ka buga sau uku. Na'urar tasa ma sai da wuta, bai faɗa mini ba sai da aka ɗauke, na yi ta yawon aron janareta.

Da zai tafi na ce ya duba mana injin bohol, don ƙarfinsa ya ragu. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba layina ba ne, ranka ya daɗe. Akwai wani a Kwangila, gobe zan turo maka shi."